Rasuwar Mista Horace Pennick, Bayan Dokinmu

Cikin alhini da nauyin zuciya Ƙungiyar 'Yan Wasan Kirsimeti ta Scarborough ta samu labarin rasuwar ubanta kuma jigonta, fitaccen ɗan wasan barkwanci da fina-finai, Mista Horace Pennick, wanda ya cika a gidansa ranar Talata bayan doguwar jinya.

Duniya ta san marigayin da hularsa mai yawan faɗuwa da tafiyarsa ta agwagwa, tun yana saurayi yana ba masu shan iska dariya a bakin teku ana jifansa da ragowar soyayyen dankali, har Allah Ya ɗaukaka shi ya zama wanda ake bin layi cikin ruwan sama domin kallon fim ɗinsa. Wannan kam jaridu sun faɗa, sun ma fi mu iya faɗa.

Abin da ba su sani ba shi ne iyalansa suka ba mu izinin bayyanawa a yau. Dokin nan na ƙyalle mai mutum biyu a ciki, wanda ke fitowa a wasanmu na kowace Kirsimeti yana harbin iska yara na ihu, ni mai sa hannu a wannan saƙo ni ne kansa, Mista Pennick kuwa shi ne bayansa. Ko ina aiki ya kai shi, Disamba na kamawa sai ga shi da jakarsa, ya duƙa ya kama ɗamarata, ba tare da an rubuta sunansa a allo ba. Na sha roƙonsa ya karɓi kan, yakan ce, "Cedric, fuskar nan ta gaji da kallo, bar wutsiya ma ta ɗana."

Da ciwon ido ya ci ƙarfinsa, masu fim suka daina bugo waya, dokin nan ne kaɗai bai sallame shi ba, domin na baya dama ba ya ganin komai, ɗamarar na gaba yake bi. Bara, mun fito daga ciki sharkaf da gumi, ya ce mini, "Nan kaɗai ne ba a tausaya mini." Maganar nan har yau tana ci mini rai.

Jiya kwamiti ya zauna domin a naɗe dokin a rufe a akwati, kuma ni na nemi haka, don ban ga wanda zan yarda ya sake riƙe ni ba. Muna cikin zama sai ga 'yarsa Philippa, wadda ta tashi ba ta cin abincin Kirsimeti da mahaifinta saboda dokin nan, ba ta kuma taɓa ɓoye jin haushin dokin ba. Ta ce, "Baffa Cedric, dokin nan ya ƙwace mini uba shekara da shekaru. Ku bar ni in shiga inda yake shiga, ko na gane abin da ya riƙe shi." Nan take na janye buƙatata, kwamiti ya ba ta bayan dokin.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Madam Maureen Pennick, da Philippa, da ɗaukacin dangi da masoya, tare da addu'ar Allah Ya ji ƙansa, Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Doki zai fito bana. Idan ya yi tuntuɓe, muna roƙon jama'a da a yi masa dariya, kada a tausaya masa.

Cedric Hollings,
Kakakin Ƙungiya, kuma Kan Doki.