Sunan Da Ban Taɓa Kira Ba

Sharaɗa, Kano
4 ga Maris, 1983

Zuwa ga ƙanwata Uwani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar taki?

Bayan haka, 'yarki ba lafiya. Mijinta Bala ya kawo mini ita ranar Talata. Ashe shekara guda ke nan tana ɓoye ƙari a mamanta na hagu, ta ɗaure da tsumma ta tafi masaƙa. Tun ranar da ta karɓi aikin nan na ce matar aure ba ta da gurbi tsakanin injuna da maza, ba wanda ya saurare ni. Yanzu likita a Zariya ya ce sankara ce, ta riga ta bazu, aikin tiyata ba zai yi amfani ba. Wurin ya fashe, sai an wanke safe da yamma.

Kin san 'yar farina ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Haka Inna ta yi da ni, ban kuwa lalace ba. Ke kika yaye ta, ke kika aurar da ita. Ki zo ki yi jinyar 'yarki.

Yayarki,
Bara'atu

19 ga Maris, 1983

Uwani,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu. Ban san ƙafar ta kai ga kwantar da ke ba, Allah ya ba ki lafiya. Amma maganar da kika rubuto, wai in ajiye kunya, ban ji daɗinta ba. Da ita aka rene mu.

Wata Asabe, abokiyar aikinta, ita ke zuwa wanke wurin kafin ta shiga masaƙa da bayan an tashi, auduga a ɗankwalinta, ga shewa kamar gidan biki. Na yi niyyar yi mata faɗa, sai na lura a hannunta kaɗai yarinyar ke shan kunu. Ni da na yi makarantar 'yan mata, na ci jarrabawar tsafta, ina bayan labule ina miƙa ruwan zafi.

Na karɓo rubutu, na ba da ƙwayoyin asibiti a kan lokaci, na yi mata nasiha kan haƙuri, sai ta juya fuska bango. Jiya ta gaya wa Asabe, da ƙarfi don in ji, cewa ba wa'azi take so ba. To me take so? Ɗakina fa na bar mata. Na rasa inda na yi kuskure.

Taki,
Bara'atu

2 ga Afrilu, 1983

Uwani,

Da fatan ƙafar da sauƙi. A gaida Malam.

An canza wa Asabe lokacin aiki, ranar Laraba ba ta zo ba. Bandeji ya jiƙe, ƙuda sun fara taruwa. Na tsaya bakin ƙofa da kwano har ruwan ya huce, na koma na ɗumama, sannan na shiga.

Ta ja zane ta rufe ƙirjinta. Ita ma kunyata take ji, ni kuwa na koya mata. Na kira ta yarinyar nan, na ce ta saki, ta ƙi. Na kira ta 'yar Uwani, ta ƙara riƙewa. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji sunan ya fito daga bakina.

Ta saki zanen. Ta roƙe ni in sake faɗa, na sake. Shekara talatin da ɗaya, Uwani. Na wanke wurin ina kuka, ita tana ba ni haƙuri.

Har yanzu ban sani ba ko ranar Laraba na yi laifi, ko kuwa duk shekarun da suka gabace ta. Ciwon bai ragu ba, likita bai canza magana ba. Amma yau a hannuna ta sha kunu.

'Yata Ma'u tana gaishe ki.

Yayarki,
Bara'atu