Sai Ya Roƙa da Bakinsa

Carrow Flat, 3 ga Yuni, 1958

Zuwa ga 'yata Thelma,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da maigidanki. Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna bayan tsawon shekarun nan. Direban motar wasiƙu ne ya shaida mini cewa ciwon ƙirjin yayana Walter ya tsananta, har likita ya cire rai da shi.

Bana ni ne Shugaban Zauren Magina na garinmu, wato ƙungiyarmu ta 'yan'uwantaka mai asirai, kuma mahaifinki Walter ɗan Zauren ne, ba a taɓa soke sunansa ba. Yana da haƙƙi a kanmu. Idan ɗan'uwa ya rasu, mukan raka shi kabari sanye da farar safar hannu, mu shimfiɗa farin warkinsa a kan akwatin gawa, kowa ya jefa ɗanyen reshen gabaruwa a ramin. Warkin na fatar ɗan rago ne, mun gaje shi daga masassaƙan dutse na dā da suka gina manyan majami'u, farinsa kuma yana nufin mutum ya koma ga Mahaliccinsa da tsabtar hannu. Reshen kuwa alama ce ta cewa rai ba ya bushewa.

Sai dai ƙa'idarmu ta hana a yi wa kowa haka sai in shi ya roƙa da bakinsa kafin ya cika. Ki tambaye shi, ki rubuto mini amsarsa.

Ki huta lafiya.
Baffanki, Clement Trezise

Port Pirie, 7 ga Yuni

Baffa Clem,

Ina gaisuwa, don Baba ya koya mini gaida manya ko da ba su cancanta ba. "Maigidanki" yana da suna, Desmond Hanrahan. Rubuta shi ba zai ƙona maka alƙalami ba.

Ashe har yanzu kana da ɗan'uwa? Ni na ɗauka ya mutu muku tun ranar da ya kama hannuna ya shiga da ni cocin Katolika aka ɗaura mini aure da Des. Abin da ya yi ke nan. Bai bar cocinsa ba, bai tona muku asiri ba, 'yarsa kawai ya raka. Kafin wata ya zagayo, matan 'yan Zaurenku kaf sun daina sayen burodinmu. Ina kallo Baba yake kwashe burodin jiya yana kai wa aladun maƙwabta. Da Mama ta rasu, masu farar safar hannun nan ko ɗaya bai leƙo ba. 'Yan'uwan Des ne suka ɗauki akwatinta, Katolikan da kuke tsallake titi in kun hango su.

Ka kuma tuna ranar da ya goge takalmi ya je ƙofar Zaure neman taimako, gidan burodi na shirin rufewa? Mai gadinku da takobinsa na ado ya ce masa, "Ba yau ba, Walter." Kana ciki, Baffa. Motarka tana ƙofa.

Kuma ka daina yi mini karatun ma'anoni. Zazzaɓi ya kwance wa Baba harshe, abin da ya rufe duk rayuwarsa yanzu a ɗakina yake zuba. Shekaranjiya ya cire silifas ɗaya ya naɗe ƙafar wando, yana lalube kamar an ɗaure masa ido. Na ce, "Baba, wannan sanyi, me kake yi?" Ya ce, "Haka ake shigar da mutum Zaure, 'yar nan. A kwashe masa aljihu tas, sannan a miƙo masa faranti a ce ba da sadaka. Ba ka da ko sisi, kunya kamar ƙasa ta tsage. Don ranar da ɗan'uwa ya zo maka hannu wofi, ka tuna." Des na bakin ƙofa ya ce, "To ai kuwa sun tuna, Baba, sun tuna ƙwarai." Baba ya harare shi ya ce, "Kai rufe baki, ɗan Katolika, me ka sani?" Suka yi dariya tare har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi dariya ba.

Kai ma an miƙa maka farantin nan, ko kai naka aljihun ba a kwashe ba?

Thelma Hanrahan

Carrow Flat, 11 ga Yuni

'Yata Thelma,

Bayan gaisuwa, na karanta takardarki, kuma ban yi fushi ba, don na san gajiyar jinya ce. Abin da marar lafiya ya faɗa cikin zafin ciwo, ina roƙonki ki bar shi a ɗakin, ki kuma ja kunnen Malam Hanrahan.

Ke yarinya ce lokacin, ba ki san yadda garin yake ba. Cocin mijinki ne ya fara tsine mana, ba mu muka fara ba. Kuma Zaure bai taɓa zama ya yanke cewa a guji Walter ba. Kowace mace da inda take son sayen burodinta. Ranar da kike magana kuwa ana tsakiyar shigar da sabon ɗan'uwa ne, ba a buɗe ƙofa a irin wannan lokaci ko wane ne ya ƙwanƙwasa. Tun asali haka abin yake: maginan dā sukan rufe rumfarsu su sa mai gadi, sai wanda ya zo da alama a kan lokaci ake buɗe wa a ba shi abinci da aiki. Walter ya san haka. Da ya dawo wani watan, da an saurare shi.

Ba don kaina nake roƙo ba. Ni na san yayana. Mutumin da ya haddace karatun Zaure yana kwaɓa fulawa ba zai so a binne shi kamar baƙo ba. Kada ki sa fushinki tsakaninsa da abin da yake so. Tambaya ɗaya ce. 'Yan'uwa sun shirya, ko yaushe kika aiko za mu taso.

Allah ya ba shi sauƙi.
Baffanki, Clement Trezise

Port Pirie, 24 ga Yuni

Baffa,

Ina gaisuwa. Baba ya cika ranar Asabar da hantsi. Jiya muka binne shi a nan, Faston cocinsa na Metodis ya yi addu'a, Des da ƙannensa suka ɗauka. Ba mu nemi kowa daga Carrow Flat ba.

Thelma

Carrow Flat, 27 ga Yuni

'Yata Thelma,

Ina yi miki ta'aziyya, ina yi wa kaina. Allah ya ba mu haƙuri. Ya yi mini ciwo da ban ga fuskarsa ba, amma ba zan tsawaita ba.

Tun da ba ki aiko ba, na fahimci bai roƙa ba. Haka na sanar da 'yan'uwa a zamanmu na jiya, aka miƙe tsaye aka yi masa shiru. Ba zan ɓoye miki ba, hankalina ya kwanta. Mun miƙa hannu, shi ya zaɓi hanyarsa, babu sauran nauyi a wuyan Zaure ko a wuyana. Idan warkinsa yana cikin kayansa, ki aiko mini da shi a ajiye inda ya dace.

Ki gaida yara.
Baffanki, Clement Trezise

Port Pirie, 1 ga Yuli

Baffa Clem,

Gaisuwa ta ƙarshe. Da ka yi shiru, da na bar ka da kwanciyar hankalinka. Amma ka ce babu nauyi a wuyanka, to bari in ɗora maka.

Ya roƙa. Ban ma tambaye shi ba, shi ya kama hannuna ya ce, "Rubuta wa Clem, ce su zo su raka ni." Na ce to, amma ban rubuta ba. Kullum da safe in ya ji ƙarar keken mai kawo wasiƙa sai ya ce, "Clem ya amsa?" In ce, "Ba yau ba, Baba." Da bakin mai gadinku na amsa masa, kuma bai taɓa yin mamaki ba, ko sau ɗaya. Sai dai ya gyaɗa kai ya ce, "Ƙila suna da aiki a ciki."

Na san abin da na hana shi, kuma ni zan kwana da shi har in mutu. Amma ban yarda ku tsaya a kan raminsa da fararen hannuwa mutane su ce kun cika zumunci ba. Ka tashi a zamanku na gaba ka gaya musu gaskiya: Walter Trezise ya kira ku, ya mutu yana jiran ƙaninsa, kuma ya tafi da yaƙinin cewa ka ji ka ƙi.

Kada ka sake rubuto mini.

Thelma, 'yar Walter