Rabon Inna Laraba a Lambun Baba

Mairuwa, Faskari
Watan Fabrairu

Zuwa ga Yaya Mas'udu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Aunty Rukayya da yara. Hajiya na gaishe ka.

Injin daddatsa rassan da ka aiko daga Kaduna ya iso. Na gode, amma ilimi ya hana ni ɓoye gaskiya. Ni babba na zaɓa, mai haɗiye kututture, wanda zai kawo juyin juya hali a harkar noman yankin nan. Wannan kuwa maƙogwaronsa bai wuce kaurin sandar makiyayi ba. Sai dai na yaba da hangen nesanka na sayen mai shan fetur, domin wutar lantarki baƙuwa ce a nan.

Ka san matsayar su Kawu: idan 'ya'yan mangwaro masu aure da marigayi Baba ya dasa ba su tsallake bazarar bana ba, za a sayar da lambun. Rijiya ta ja baya sosai. Manufata ita ce in rage rassan manyan itatuwa, in daddatsa su, in lulluɓe gindin ƙananan, ƙasa ta riƙe laima. Fargabata ɗaya: abin da injin ke iya ci ba zai isa ko rabin dashen ba.

Ƙaninka,
Sagiru

Mairuwa
Watan Mayu

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Aunty? Allah ya ƙara sauƙi.

Na janye ƙorafina baki ɗaya. Ka tuna Inna Laraba ta Tafoki, wadda Baba ke bar wa itacen girki duk shekarar da aka yi sassabe? Washegarin fara aikin sai ga ta da igiyarta da gammonta, kamar yadda ta saba. Ta tsaya tana kallon injin yana aman ɓarɓashi, ta ɗauka rabonta ya tafi, ta juya za ta koma gida. Na bi ta na nuna mata tulin manyan rassan da injin ya ƙi karɓa. Yaya, da babban ka saya, da ba ta tarar da ko tsinke ba, kuma da na kashe al'adar Baba da hannuna ina kiran abin ci gaba.

Ta tambayi amfanin ɓarɓashin, na yi mata cikakken bayani a kimiyyance. Bayan kwana biyu ta dawo da matan unguwarsu, kowacce da dami a ka: ganyen darbejiya da ƙananan rassan da suke zagewa daga itacensu su zubar. Haka suka yi ta kawowa ina daddatsawa har na lulluɓe gindin kowane dashe, na bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen saboda gara. Ko da tsakar rana ka tura yatsa ƙarƙashin lulluɓin, sanyi za ka ji.

Dashe biyu sun bushe. Sauran duk sun yi sabon toho ja. Jiya Kawu ya zagaya lambun, sannan ya nemi aron injin don gwaibarsa. Maganar sayarwa bai sake tayar da ita ba.

Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Baba. Kada ka sauya mini injin nan da babba, ko kyauta aka ba ka.

Ƙaninka mai godiya,
Sagiru