Zuwa Ga Mijin Da Aka Ce Na Hana Shi Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baban Nana.

Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke aika wa wanda ya riga shi, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji. Na fita takaba, na koma kan keken ɗinkina. Na san wannan wasiƙa ba za ta iso ka ba. Na rubuta ta ne a inda danginka za su gani, tunda a gabansu bakina ba ya buɗuwa.

Ka san sunan da aka sa mini a Kazaure bayan rasuwarka? Matar da ta hana mijinta ruwa. Har a wajen niƙa na ji shi da kunnena.

Kai dai ka san yadda aka yi. Ranar da aka fara yi maka wankin ƙoda a Kano, nas ta zaunar da mu ta ce ƙodarka ta daina fitar da fitsari, don haka duk abin da ka sha yana nan a jikinka sai ranar da na'ura ta janye shi. Idan ya taru, jini ya hau, huhu ya cika. Ta ɗaga wata ƙaramar gorar roba ta ce iyakarka ke nan daga safiya zuwa safiya, kuma koko da shayi da romo duk a cikin lissafi suke. Ka yi dariya ka ce wannan ko alwala ba za ta yi ba.

Daga ranar na zama muguwa. Na ɗauke randa daga ƙofar ɗakinka. Na rage gishiri da dunƙule da kanwa, saboda su ke tayar da ƙishirwa, har miyata ta zama abin tausayi. Da bazara ta kama, ƙanƙara nake sayowa in farfasa ƙanana kana tsotsa. Idan ka kurkure baki, maƙogwaronka nake kallo kada ka haɗiye. Kakan ce da ni 'yar sandar gidan nan. Kana faɗa kana murmushi, ni kuwa in shiga madafa in yi kukana.

Amma abin yana aiki, Baban Nana, kai ne shaida. Duk ranar wanki sikeli ake fara ɗora ka. Idan nauyin bai ƙaru sosai ba, ka sauko daga na'ura da ƙafarka, jininka daidai, har ka tsaya saya wa yara rake a tasha. Ranar da ka saci jiki ka sha fura a gidan suna kuwa, sai da aka ja ruwa mai yawa, jininka ya faɗi, ƙafafunka suka ɗaure, idonka ya juya. Nas ba kai ta harara ba, ni ta harara.

Sannan Yaya Asabe ta zo daga Gwiwa. Ita ta raine ka bayan rasuwar mahaifiyarku, ban manta ba, ba kuma za ta bari a manta ba. Ta sauka daga babur da jarka cike da rubutun da wani malami a Roni ya yi maka, a sha safe da yamma har ya ƙare.

Na durƙusa a gabanta. Na ce ba na ja da rubutu, ni ma shi na sha a haihuwar Nana. Na roƙi a riƙa ba ka ɗan kaɗan a cikin gorarka, sauran a shafa maka a jiki. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, “Yau kuma ayar Allah ake aunawa da gora?” Da 'yan dubiya suka cika tsakar gida ta ƙara da cewa, “Ba ciwo ne zai kashe ƙanina ba, ƙishirwa ce.”

Kana zaune a kan tabarma, ka ji komai, ka sunkuyar da kai. Wannan shirun naka shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Kai da kake zama a layin asibiti kana yi wa sababbin marasa lafiya bayanin ruwa da gishiri, ka kasa ɗaga ido ka ce wa yayarka kalma ɗaya. Ka bar ni ni kaɗai na zama mai ƙin addini a gidan mijina.

Yaya ta tare a gefenka da kwanon sha. Ni kuma aike ya yi mini yawa: je ki kasuwa, ɗora sanwa, kai wa maƙwabta tsaraba. Duk dawowar da zan yi sai in ga jarkar ta ragu. Ga shi an riga an yi maka wankin ƙarshen mako, na gaba da saura.

Ƙafarka ta fara ƙin shiga takalmi, fuskarka ta cika. Na ɗaura maka abin awon jini na gida, ya nuna abin da ban taɓa gani ba, ƙwayoyinka na hawan jini ma suka kasa sauke shi. Na nuna wa Yaya. Ta ce magani ne ke aiki, ciwon ne yake fitowa.

Bayan azahar ka kasa kwanciya. Ka jingina da bango kana jan numfashi, ƙirjinka yana ƙara kamar tukunya ta tafasa. A lokacin ne kowa ya yarda a nemo mota. Ba mu kai Kano ba. Mun ɗan wuce Ɗambatta ka matse hannuna ka ce, “Ki yi haƙuri, Rabi. Na kasa ce mata a'a.” Ni kaɗai na ji. Yaya tana gaba tana salati.

A zaman makoki tana kuka tana gode wa Allah da ya sa ta zo ta jiƙa maka maƙoshi kafin ka cika. Mata suna gyaɗa kai, suna satar kallona. Ni ce kuma mai cika musu buta da kofi. Na yarda kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Na kuma yarda Yaya tana son ka. Amma ni ma ina son ka, ni kaɗai kuma aka zaga.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Nana. Ta dawo daga Islamiyya ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko da gaske na hana Baba ruwa. Na ce da gaske ne, na fara yi mata bayani, ta juya ta fita. Jiya na same ta a bayan ƙyaure tana shan ruwa da sauri tana waige, don kada in gani. 'Yarmu tsorona take ji, Baban Nana. Kai kaɗai ne za ka gaya mata gaskiya ta yarda, kai kuma ka tafi da gaskiyar.

Ina fushi da kai, ina kuma kewarka, kullum su biyun tare nake tashi da su. Ban san ranar da zan yafe wa Yaya ba. Kai dai na yafe maka, don ba zan iya tunanin ana tsare ka a can saboda ni ba.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata kabarinka, ya sanyaya makwancinka. Allah ya shayar da kai daga Alkausara, ka sha iya son ranka, ba mai tsaye a kanka yana kallon maƙogwaronka. Ni kuma Allah ya nuna mini ranar da Nana za ta karɓi kofi daga hannuna.

Wassalam.

Matarka,
Rabi
Kazaure