Yaron Naki Yana Dukan Bango

Hillat Sambo, kusa da Wad Haddad,
9 ga Fabrairu, 1968.

Zuwa ga Uwar Bilkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu mai jego da baƙon da Allah ya kawo mana. Ya Damazin, ya sauro? An ce jaririn hancina ya ɗauko. Allah ya ba shi haƙuri, ni ma da shi na rayu. Bilkisu, na san ke ke karanta wa uwarki takardar nan, to ki karanta abin da na rubuta, kar ki gyara mini. Aji biyu na yi a madarasa kafin ustaz ya ce ya gaji, amma alƙalamin nawa ne.

Mu nan lafiya lau. Mun gama tsinkar auduga ta biyu a hawasha, wato gonarmu, bayana ne kawai bai san an gama ba.

Labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na yaron nan naki ne na Hasahisa. Kin san wata bakwai ke nan bai tako ƙauyen nan namu na hilla ba, tun da anka ba shi kujerar katibi, wato akawu, a ofishin gurzar auduga. Jiya Alhasan mai lori ya ce mini ya ga sunansa manne a ƙofar nadin afandai, kulob ɗin ma'aikatan ofis, cikin mutum biyar da za su tsaya wa ofishinsu a gasar sikwash. Na ce mene ne sikwash? Ya ce shi lori yake tuƙawa, ba Turanci ba. Sai na je wurin Ustaz Maliki, ya buɗe ƙamusunsa mai kauri, ya lashi yatsa, ya bi layi, ya ce kabewa.

Kabewa, Barakatu matata! Yaron da in ka miƙa masa fartanya sai ya tambaye ka ina ne gabanta. Ina ya sami gona a Hasahisa? Na yi ta juya abin, na ga kunya kawai zai sha a gaban mutane. Don haka na tsinko babbar nan ta bakin tur'ar ban ruwa, wadda kika ce kar a taɓa. Ki yi haƙuri. Ranar Alhamis Alhasan zai ɗauke mu ni da ita.

Bai aiko in zo ba. Ni ma ba ganinsa zan je yi ba, kin san ni. Kabewa zan raka.

Ki gaida mai jego da mai gidanta. Ki tofa wa jaririn addu'a a madadina.

Naki,
Almu.

Hillat Sambo,
17 ga Fabrairu, 1968.

Uwar Bilkisu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jiki da ƙarfi, jego yana tafiya daidai. Ni lafiyata ƙalau, kaina ne dai ya ɗaure tun ranar Alhamis, har yau ban sami bakin igiyar ba.

Da farko ki gaya wa duk wanda ya tambaya, Ustaz Maliki da ƙamusunsa su je su nemi gafarata. Babu gasar kabewa.

Na isa ƙofar nadi bayan la'asar da kabewa a ka. Gafir mai gadi ya tare ni, ya ce wurin wa na zo. To nan fa. Ɗan fari ne, shekara ashirin da shida ban taɓa furta sunansa ba, ke ma haka, yanzu kuma wani Balarabe mai sanda ya ce in faɗa a bakin titi? Na ce wurin wani yaro. Ya ce wane yaro? Na ce dogon nan mai tabo a gira. Ya dubi ni, ya dubi kabewa, ya nuna mini ƙofar baya. Kuku ya karɓe ta da hannu biyu, ya yi godiya, ya ce gobe ma in kawo albasa. Haka kabewarki ta shiga gasa, tukunya ta cinye ta.

Na ji ana hayaniya sama, na bi matakala. Barakatu, ɗaki ne fari fat, ba taga, ba rufi, ba tabarma. Mutane suna tsaye a sama suna leƙawa ciki kamar an ce akuya ta faɗa rijiya. A ciki ƙattai biyu, da gajeren wando wanda ko Bilkisu ba zan bari ta ji tsawonsa ba, kowa riƙe da wani abu kamar rariya mai dogon hannu. Ƙwallon baƙa ce, ba ta kai ƙwan zabuwa ba. Ni a zatona tun da gaba suke yi za su fuskanci juna. A'a. Dukansu bango suka fuskanta, suna dukansa bi da bi. Bangon bai yi musu komai ba. In ɗaya ya taka ɗaya sai su tsaya su ba juna haƙuri, su koma kan bango.

An ce mini ofisoshi shida ke gasar, kowane da mutum biyar, duk Alhamis biyu suke karawa, wanda mutum uku nasa sunka ci shi ya ci. Na ce to bangon fa, na wane ofishi ne? Wani afandi ya matsa daga kusa da ni.

Sai ga yaron naki ya shigo. Ya rame kaɗan, amma wallahi gudu yake kamar an sako kare a bayansa. A ƙasan bangon akwai wani faifan kwano, in ƙwallo ta same shi sai ya ce ƙwal! Duk wasan nan shi kaɗai ne abin da ke nuna an sami wani abu. Da yaron ya buga ya yi ƙara, na tafa da ƙarfi na yi kabbara. Ashe faɗuwa ce. Sau uku ina tafa wa faɗuwarsa kafin wani ya riƙe mini hannu. A ta ukun ne ya ɗaga kai ya gan ni.

Ya dai ci wasansa, haka anka ce, ni ban ga lokacin ba. Ya hau sama yana share zufa, ya gaishe ni da Larabci, hannu ɗaya. Mudirinsu, shugaban ofis, wani mai tumbi da sigari, ya tambaye shi wane ne wanga dattijo. Ya ce mutumin hillarsu ne.

Mutumin hillarsu. Na yi dariya, kin san dariya ba ta yi mini wuya. Na ce wa mudir ƙwarai kuwa, ni ne mai ba nadi kabewa. Sunka yi dariya su ma. Yaron ya sa anka kawo mini shayi a kofin tangaran, ya tambayi auduga. Bai tambayi kowa ba sai auduga. Shayin da sukari sosai, amma rabi na sha na ajiye.

Ban gane ba, Barakatu. Jallabiyata ce? Larabcina ne mai warin Hausa? Ko a nadin nan ba su san ɗan wa yake ba, shi kuma ya fi son haka? In haka ne, ai gara ya ce mini in daina zuwa, in san na rasa shi. Ki gaya mini abin da kika gani, ke kin fi ni kai, ni na fi ki hanci kawai.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Mijinki, mai ba nadi kabewa,
Almu.

Hillat Sambo,
2 ga Maris, 1968.

Zuwa ga Uwar Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku duka, babba da ƙarami. Takardarki ta iso ta hannun Alhasan. Bilkisu, na gane inda kika ƙara naki gishirin, uwarki ba ta san kalmar nan da kika kira ni da ita ba.

Kin ce a ƙofa na kira shi wani yaro, a sama ya kira ni wani mutum, to wa ya fara? Kin tuna mini ranar da ya zo na ɗaya a madarasa, na tsaya bayan bishiyar nim, darbejiyar nan, har anka watse. Na ce ai kunya ce, haka ubana ya yi mini. Sai na tuna ni ma ban ji daɗin ubana ba a wanga fanni. Na zauna bakin tur'a har rana ta juya, ban ci nasarar musu da ke ba, alhali ba kya nan.

Alhamis ɗin nan da ta wuce ita ce ta ƙarshe, su da ma'aikatan ruwa, wanda ya ci shi ke da kofi. Na koma. Kuku ya buɗe mini ƙofar baya, na ba shi albasarsa.

Wasa huɗu anka buga, biyu nasu sunka ci, biyu namu. Kin ji ni, namu. Saura yaron da wani injiniya mai sanƙo, wanda ba ya gudu ko kaɗan, yana tsaye a tsakiya kamar turmi, ƙwallo ce ke zuwa gaishe shi. Mai ƙirga yana ta faɗin lamba da Turanci. Wannan karon na ɗaure hannuwana a baya don kar su tafa. Sunka yi ta dukan bango har inuwa ta hau shi. Na kusa da ni ya raɗa mini cewa bugu ɗaya ya rage, ko nan ko can.

Duk afandai suna ihu, Abdu, Abdu! Abin ya sosa mini rai. Ni na yanka rago anka raɗa sunan nan cikakke, su sun gutsure shi kamar gurasar kisira. Injiniya ya ɗago ƙwallon sama a hankali, ta zo wa yaron daidai hannu, ko ni da fartanya zan same ta. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Abdussalami! Ɗana! Kashe ta!”

Da Hausa, Barakatu. Da muryar da nake korar tsuntsaye a gonar dawa.

Sai ya tsaya cak. Ya bar ƙwallo, ya bar bango, ya juyo yana kallona da baki buɗe. Ƙwallon ta sauko a hankali ta faɗi gefen ƙafarsa, ta yi tsalle biyu. Sannan ma'aikatan ruwa sunka ɓarke da ihu, mudir ya jefar da sigarinsa. Kofin shekara guda, ni na ba da shi da baki ɗaya.

Na nemi matakala in sulale ta wurin kuku, sai na ci karo da shi yana hawowa. Ya kama wuyan hannuna. Ya ce, “Baba, shekara ashirin da shida, ka rasa ranar da za ka kira ni sai yau?” Da Hausa ya faɗa, Hausar hilla. Ban san ko faɗa yake ba ko dariya, idonsa dai ya yi ja, ya ce zufa ce. Bai sake ni ba. Ya ja ni har gaban mudir da sauran huɗun, ya ce wanga da ya kashe mu ubana ne. Mudir ya ce ya ji, kowa a Hasahisa ya ji. Ya ba ni hannu, ya ce ina da izinin zuwa nadi duk ranar da babu wasa.

To ni har yanzu ban gane ba. Ranar da ya ci na dawo gida kamar an yi mini mutuwa, ranar da ya faɗi na dawo ina waƙa a bayan lori har Alhasan ya ce zai sauke ni.

Zai zo hilla Juma'a mai zuwa. Ya ce in na ce masa kai yaro a gaban dattawa ba zai amsa ba. Tun jiya nake gwada sunan a hawasha, jaki yana kallona. Ya kuma ce in gaya miki saura ke. Na ce wannan karawar taku ce, ni na buga tawa.

Ki dawo da wuri. Ki gaida mai jego da angon ƙarni da mai hancina. Allah ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Almu, uban Abdussalami.