Mai Lauje, Kashi na Biyu

Gummi, 4 ga Maris, 2003

Yaya Shafi'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Inna kuna lafiya. Na kalli kaset ɗin fim ɗinku, Mai Lauje kashi na biyu. Ka ce in faɗi gaskiya, to ga ta. Hoton ya fi na farko fitowa, kiɗan ma ya faɗar mini da gaba. Amma jinin nan zoɓo ne, har tsaminsa na ji daga nan. Kun yanka mutum tara, ba wanda muka sani balle mu ji tausayinsa. A na farko biyu kawai aka kashe, amma sai da na yi kuka. Kuma don Allah, me ya sa duk wanda aka biyo sai ya faɗa rumbu?

Wuri guda ne ya hana ni cin abinci, inda makashin ya cire wa gawa takalma, ya jera su, ya ɗora hula a kai. Haka ni da Baba muka tarar da marigayi mijina Nuhu a gonarsa ta Adabka. Baba ya kwashe su kafin jama'a su taru, har ya rasu bai faɗa wa kowa ba. Ni ma ban taɓa faɗa ba. Wa ya ba ku wannan?

Ka gaida Inna.
Ƙanwarka, Zaliha

Anka, 9 ga Maris

Zaliha,

Ina gaisuwa. Zancen zoɓo na yarda. Amma ƙarshen takardarki sau uku na karanta shi. Ba ni na ƙago wurin ba. Ranar da muke ɗauka a Bukkuyum, mijinki na yanzu, Magaji, ya zo kallo. Shi ya ce ba haka ake yi ba, ya duƙa ya jera takalman da hannunsa. Har tafa masa muka yi.

Kada ki tambaye shi komai. Ki ce Inna ba lafiya, ki hau motar farko ki taho. Allah ya tsare.

Yayanki, Shafi'u

Gummi, 11 ga Maris

Malam Shafi'u,

Assalamu alaikum. Direba ni ya miƙa wa takardarka, na kuwa karanta. Allah ya ba Inna lafiya. Zaliha ba za ta samu zuwa ba. Ni zan zo da kaina, mu zauna kan kashi na uku.

Ka huta lafiya.
Magaji