Yaran Aro a Ajina, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke kwance a maƙabartar Lausu.

Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda kika koya mini in yi a durƙushe, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wasu za su karanta takardar nan, shi ya sa ba zan kama sunan makarantarmu ba. Duk wanda ya taɓa riƙe alli tsakanin Rano da Kibiya zai ɗauka tasu nake nufi.

Inna, shekarar karatu ta ƙare, an rubuta rahoton da ake aika wa birni. Ya ce ajin 'yan mata da nake koyarwa ya cika maƙil, iyaye sun karɓi ilmi hannu biyu, tun da aka sami mulkin kai, kan mutanenmu ya waye. Ƙarya ne, kuma hannuna yana ƙasan takardar.

Kin tuna ranar da ɗan aiken dagaci ya zagayo neman yaran da za a sa a makaranta? Maƙwabta suka cusa nasu a rumbu, wata ta kifa wa ɗanta kwando. Ke kin fi kowa ƙin boko. Amma da ya yi sallama ya tambaya ko akwai yarinya a gidan, daga bayan zana kika ce, "Akwai. Ba na so ku tafi da ita, amma akwai." Gwaggo ta yi ta masifa, wai gaskiyarki ta cinye miki 'ya. Kika ce mata gara a ɗauke ni kina mai gaskiya da ki riƙe ni kina maƙaryaciya. Wannan amsar ce ta kai ni elementare a Rano, ta wuce da ni makarantar 'yan mata a Kano, ta dawo da ni ina malama.

A kan haka na reni jikarki, takwararki da muke kira Ummi, wadda ke ajina yanzu. Ta fasa tulu in ƙyale ta, ta ɓoye mini fashewar in zane ta. Matan unguwa suna cewa na cika zafi. Su ce. Na ga irin nasu 'ya'yan, yaro yana kallon idon uwarsa yana shara mata ƙarya tana dariya, wai wayo ne.

To ga abin da ya faru. Mai duba makarantu ya aiko cewa zai zo da kaka, daidai lokacin cirar gyaɗa. Kin san kaka a ƙasarmu. Duk yarinyar da ta isa ɗaukar kwando tana gona, wasu an tura su wajen dangi a Fammar da Saji ba za a gan su ba sai an gama tsinka. Benci biyu na gaba kaɗai ke da mutane a ajina. Ga doka kuma daga birni: ajin da ba yara rufe shi ake yi.

Hedimasta ya kira ni, ya ce a yi yadda aka saba, a aro yara. Na ce ban san ana aron mutum ba, turmi da tsani na san ana ara. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, gaskiyar nan taki in an rufe aji sai ki koyar da ita a gindin tsamiya. Ummin taki kuma wa zai rubuta sunanta a jarrabawa?"

Aka bi gida gida aka kwaso ƙannen ɗalibai, waɗanda ko wankin hanci ba su iya ba. Aka tare 'yan matan Fulani masu kawo nono kasuwa, aka lallashe su suka ajiye ƙoransu a bayan aji. Muka sa musu rigunan makaranta, muka jera su a baya, muka raba musu sunayen waɗanda ba su nan. Da na ga ba sa riƙe sunayen, ni da kaina na zaunar da Ummi kusa da wata 'yar Fulani mai suna Jabu, na ce da zarar an kira Rakiya ta mintsine ta don ta amsa.

Mai duba makarantu ya zo, ya buɗe rajista, ya kira suna. Ina tsaye jikin allo ina kallon hannun 'yata yana tafiya a hankali ƙarƙashin benci. Jabu ta zabura ta ce na'am. Ya tambayi na gaba lissafi suka ba shi daidai. Ya yaba mini, ya ce a ce duk matan ƙasar nan irina ne.

Na zaci shi ke nan. Ashe somawa ce. Rahoton ya yi wa na birni daɗi har suka ce aji ɗaya ya yi mana kaɗan, baɗi a ƙara wani, su ba da kwano da ƙofa, gari ya yi gayyar gini. Yanzu haka ana kwaɓa ƙasa a filin makaranta. Masu buga tubalin nan su ne iyayen da suka hana 'ya'yansu zuwa, sun fi ni sanin bencina wayam suke. Shekaranjiya wani tsoho ya ɗago daga cikin kwaɓi ya ce, "Malama, sabon ɗakin na aljanu ne, ko su ma aro za a yi?" Aka kwashe da dariya. Ni da nake tsawata wa gari guda na sunkuyar da kai na wuce.

Laifin iyayen nan ba ƙarami ba ne, kuma ba zan fasa faɗa ba. Suna son 'yarsu ta haihu a hannun ungozoma mace mai ilmi, amma a ɗauko ta daga gidan wani. Sai dai yanzu da wane baki zan faɗa? Idan na tona, a rufe ajin, 'yan kaɗan ɗin da ke zuwa da gaske su koma gida, har da Ummi da jarrabawarta ta rage wata biyar. Idan na yi shiru, baɗi ɗaki biyu zan cika da yaran aro. Gaba kura, baya sayaki.

Jiya na aiki Ummi ta kai wa maƙwabciya tuwo, ta tsaya wasan gaɗa har ya huce, ta dawo ta ce ta kai da zafinsa. Na ɗauko tsumagiya. Ba ta gudu ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Malama, a gida ne kawai babu kyau?" Malama ta ce mini, Inna, a tsakar gidana.

Hannuna ya ƙi sauka a kanta. Na ce ta je ta wanke kwanon.

Ran Asabar za a tara iyaye a karanta musu ci gaban shekara da abin da ake fata baɗi. An ce ni zan karanta na ɓangaren mata, don na fi kowa murya. Zan karanta, Inna. Na juya maganar ta kowace fuska ban sami ƙofa ba. Ummi za ta zauna a sahun gaba tana ji.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki. Ni kuma Ya yafe mini wannan da nake yi ina sane, Ya sa yarinyar nan ta gado ki, kada ta gado ni.

'Yarki mai kewarki,
Uwar Ummi